Lambar da Ta Daina Motsi

Su uku ne a gidan: uba, uwa, da 'yarsu guda. Uban shi ake kira Mai Famfo, don shekara ashirin da shida ya yi yana kula da injinan da ke tura ruwa daga gindin tudu zuwa babban tankin da ke can bisa, wanda duk unguwar ke sha daga gare shi. Uwar tela ce, kekenta na bakin taga, kuma ba ta ɗaga kai daga ɗinki sai magana ta kai magana. 'Yar shekararta goma sha biyu, ana ce mata Wushirya saboda tazarar haƙoranta na gaba. Uban kaɗai ke kiranta Uwata.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abu biyu suka rasa, kuma duka a jikin Mai Famfo suke. Ba shi da takardar makaranta ko guda, duk iliminsa a kunne yake da tafin hannu: in ya dafa inji ya san lafiyarsa. Sannan gwiwoyinsa sun fara gajiya. Gidan ruwan ma akwai abin da ya rasa, wato ido. Daga ɗakin famfo ba a hango tankin. Wanda ke son sanin inda ruwa ya kai sai ya hau tudu, tafiyar minti arba'in, ya taka tsanin ƙarfe, ya ɗaga murfi, ya zura sanda.

Wannan rashin ne ya sa masu gidan ruwan suka ɗauko Injiniya. Mace ce 'yar siririya mai tabarau, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Kwana shida ta yi tana aiki, kullum da sassafe take zuwa, kafin sha biyu ta tattara ta tafi wani aikin. Can bisa tanki ta kafa ma'aunin ruwa da ƙaramin akwatin rediyo mai eriya. A ɗakin famfo kuma ta rataya akwati biyu da allo.

Ranar Asabar da za ta gama, Wushirya ta biyo uban. Ta tsaya a bayan Injiniya tana leƙe, har matar ta juyo ta ce, "Ke ƙanwata, wuyanki zai ƙage. Jawo kujera."

Ta nuna mata babban akwatin. "Wannan kwanturola ce. Ita ke kunna famfo, ita ke kashewa. Na gaya mata in ruwa ya sauka ƙasa da kashi arba'in ta kunna, in ya kai casa'in ta kashe. Tana da biyayya, amma makauniya ce, abin da aka gaya mata shi ta sani."

"Wa ke gaya mata?"

"Yauwa. Wannan ƙaramin. A wurinmu sunansa getwe, ni dai Tafinta nake ce masa. Ma'aunin da ke bisa tanki yarensa daban, kwanturola yarenta daban. Tafinta ke tambayar na bisa ta rediyo, ya juya amsar, ya kawo mata. To kafin ya fara sai na shirya masa ƙa'idar zance. Duba nan." Ta juyo da kwamfutar. "Na zaɓa masa yaren da kwanturola ke ji. Na ba shi adireshinta, kada ya kai saƙo gidan da ba a aike shi ba. A cikinta akwai gurabe masu lamba, kamar aljihunan tebur, na ce ya riƙa ajiye yawan ruwa a gurbi na goma. Na ce kuma duk daƙiƙa biyar ya sake tambaya. Shi ke nan."

A allon bango lamba ta fito: 54.2. Can ta koma 54.3, ta dawo 54.1.

"Me ya sa take rawa?"

"Ruwa ne, ai ba ya tsayawa cak."

Mai Famfo na jingine da ƙofa, hannu a baya. Ya ce, "Ranki ya daɗe, shi Tafintan naki ya taɓa jiƙa hannunsa?"

Injiniya ta yi dariya. "Bai taɓa ba, Baba. Amma ba shi da gwiwa."

Kowa ya dara, har Dogo mai gyaran wuta, wanda dariyarsa ta fi ta kowa tsawo. Mai Famfo bai yi ba. A ranar Manajan gidan ruwan ya murɗa makullin allo zuwa inda inji ke tuƙa kansa, ya zare ɗan makullin ya jefa aljihu. Ya ce daga yau ba hawa tudu, ba taɓa famfo. Aikin Mai Famfo share ɗaki, zuba mai, da sauraron inji. Jan maɓalli guda aka bar masa, na tsayar da komai in gobara ta tashi.

Kwana uku lafiya lau. A na huɗu, wajen ƙarfe huɗu na yamma, Mai Famfo ya danna jan maɓallin. Manaja ya fito a guje, ya dubi allo, ya ga sittin da biyu.

"Tanki ya kusa cika," in ji Mai Famfo.

"Da wane ido ka gani? Ga shi a rubuce ƙuru-ƙuru!"

"Akwatin nan ƙarya yake yi."

Aka rubuta masa takardar gargaɗi. Kwana biyu bayan haka bai danna komai ba, ruwa kuwa ya ambaliyo daga bakin tanki, ya gangaro tudu, ya shiga gidaje huɗu, ya jiƙa katifun mutane. Sai da mata suka zo ƙofar gidan ruwa suna ihu sannan aka tsayar da famfo. Mai Famfo ya haura tudun yana ɗingishi. Jim kaɗan da isarsa lambar allo ta yi tsalle daga hamsin da takwas zuwa ɗari. Haka ta sake faruwa a mako na biyu, har sau biyu.

Wushirya ita ke kai wa uban abinci in an tashi makaranta, tana isa wajen ɗaya da rabi. Wata rana ta tarar ba ya nan, sai Dogo da Manaja a bakin ƙofa, ba su lura da ita ba.

Dogo na cewa, "Yallaɓai, ni ba na son gulma. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ya aka yi ya san tanki ya cika ranar farko? In ya hau, akwati ya warke. To wanda ya iya warkarwa ai shi ya san ciwon."

"Na hana shi hawa."

"Ka hana shi. To jiya da rana wa na hango a kan tudu, kakana? Mutum an kawo abin da zai karɓe masa aiki, ka ce zai yi masa wanka da turare?"

Manaja ya kaɗa makullai. Sai suka gan ta. Dogo ya washe baki ya ce, "A'a, 'yar gidan Baba! Me aka dafa mana?" Ta wuce ciki abinta.

Ta ajiye kwanon ta zauna gaban allo. Zuciyarta na tafasa, ta rasa inda za ta sa ido, sai ta sa shi a kan lambar. 61.7. Ta jira ta yi rawar da ta saba. Ba ta yi ba. Ta ƙirga zuwa ɗari, ta sake ƙirgawa. Injin na ruri a bayanta yana tura ruwa, lambar kuwa kamar da fenti aka zana ta.

Biyu saura minti ashirin uban ya shigo yana haki, gumi har cikin kunne.

"Uwata, kin daɗe? Na leƙa wajen mai gyaran keke ne, hira ta ja ni."

Ta dube shi. Hannun rigarsa na dama a jiƙe yake har gwiwar hannu, kuma akwai jan tsatsa a gwiwar wandonsa. Shagon mai gyaran keke ba shi da ruwa, ba shi da tsani. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa kama uban da ƙarya ba, don haka ba ta san yadda ake yi da fuska a irin wannan lokaci ba. Ta buɗe masa kwanon kawai.

Da yamma a gida uwar ce ta ɗaga wandon daga kwandon wanki, ta juya shi a hasken taga.

"Malam, wannan tsatsar fa?"

"Ta inji ce."

"Inji baƙin mai yake zubarwa, shekara nawa ina wanke shi? Ka koma hawa ko? Likita ya ce ka bari, Manaja ya ce ka bari, ni na ce ka bari. Sai wa kake jira ya faɗa, tudun?"

"Ke dai yi ɗinkinki."

"Zan yi. In gwiwar ta ɓalle kuma ka kawo in ɗinke maka."

Ya ɗauki hularsa ya fita tsakar gida. Uwar ta koma kan keke ta taka shi da ƙarfi. Wushirya ta so ta gaya mata maganar Dogo, da maganar lambar, amma ta ga in ta haɗa su wuri ɗaya a baki za su zama abu guda, ita kuwa ba ta son jin sunan abin.

Asabar ba makaranta. Ƙarfe sha biyu ta laɓe a bayan shagon mai walda da ke fuskantar gidan ruwa. Ba ta daɗe ba uban ya fito ta ƙaramar ƙofar baya. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ciro doguwar sandarsa daga bayan tulin bututu. Wannan waiwayen shi ya fi komai yi mata ciwo. Mutumin da ke gaida kowa tun daga nesa, yau shi ke raɓe-raɓe a jikin katanga.

Ta bi shi daga nesa. Sau uku ya tsaya ya dafa gwiwa. A saman tudun ta ɓuya a bayan wani dutse, ta ga ya kama tsani yana hawa taki ɗaya-ɗaya. Da ya kai bisa ya sunkuya. Ta ji ƙarar ƙarfe, ta ga faffaɗan murfin tankin ya miƙe tsaye kamar ƙyauren gida. Akwatin rediyon na nan daf da wurin, kuma murfin ya kare mata shi, ya kare rabin jikin uban. Kafaɗarsa kawai take gani tana motsi. Me hannunsa ke yi a can baya? Zare waya? Murɗa wani abu? Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya sauko, ya bar murfin a tsaye.

Ta riga shi gangarowa da gudu, ta leƙa ɗakin famfo ta taga. 63.0. Ta tsaya har ƙafarta ta gaji. Lambar ba ta motsa ba.

To, an ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amma yarinya ta gani da idonta, kuma biri ya yi kama da mutum. Ta kwana biyu da abin a ciki. In uban ya yi mata wasa sai ta yi murmushin yaƙe. In ya miƙo mata kofi sai ta tsinci kanta tana kallon yatsunsa. Ranar Lahadi uban ya gaya wa uwar, da murya ƙasa-ƙasa, cewa gobe Injiniya za ta zo, kuma Manaja ya ce in aka sami hannun mutum a cikin lamarin, mutumin ya kama gabansa a ranar, ba takardar shaida, ba komai.

Uwar ta ce, "To ai ba hannunka."

Ya ce, "Babu."

Wushirya ta sunkuyar da kai a kan littafinta.

Ranar Litinin da ta iso da kwanon, ɗakin famfo a cike yake. Manaja na tsaye, Dogo na jingine da inji, Injiniya na zaune ta haɗa kwamfutarta da Tafinta ta wata shuɗiyar waya. Uban na kan benci, hula a gwiwa. Tun safe Manaja ya hana shi ko leƙa waje. Ta saci kallon allo: 66.4, 66.5, 66.3. Yau da bai hau ba, lambar na rawarta.

Injiniya ta ce, "Tafinta yana da littafinsa a ciki, ba ya fitowa a allon bango. Ga abin da ya rubuta. Talata, ɗaya saura kwata: na tambaya, ba amsa. Haka ya yi ta rubutawa har biyar da rabi. Laraba, ɗaya saura minti goma. Alhamis ma haka. Kusan kullum ne, ba ranakun ambaliya kaɗai ba. Da safe ƙalau, da rana na bisa ya yi gum."

"Batir ne?" in ji Manaja.

"Da batir ne da sannu zai riƙa mutuwa. Wannan farat ɗaya yake yankewa, farat ɗaya yake dawowa."

"Kamar an sa hannu ke nan," in ji Dogo, yana kallon rufi.

Manaja ya juya. "Mai Famfo, ɗaya saura kwata kana ina?"

Uban ya juya hularsa. "Nakan ɗan fita."

"Ina?"

Uban ya dubi ƙasa. Manaja ya waiwayo ya ga yarinya riƙe da kwano. "Yauwa. Ke kike zuwa kullum. Kina tarar da shi a nan?"

Injiniya ta ce, "Haba Yallaɓai, yarinya ce."

"Yara ai su ne ba su iya ƙarya ba. Faɗi, kina tarar da shi?"

Wushirya ta ji kwanon ya yi nauyi. In ta ce e, ta yi ƙarya a gaban uban da ya hana ta ƙarya. In ta ce a'a, ita ta buɗe masa ƙofar fita. Ta dube shi, idonta ya cika. Shi ma ya dube ta, kuma a kallon nan ya gane ta sani.

"Ƙyale ta," in ji shi. Ya miƙe da ƙyar. "Tudu nake hawa. Kullum. Ka hana ni, na ji, ban bari ba. Shekara ashirin da shida ban taɓa kwana ban san inda ruwana ya kai ba, ba zan fara don an rataya akwati ba. Amma ban taɓa kayanta ba. Ko ƙurar da ke kansa ban share ba."

Dogo ya tafa hannu. "To, ramin ƙarya dai ƙurarre ne."

"Ka faɗa da bakinka," in ji Manaja. "Kana hawa, yana mutuwa. Me ya rage?"

Injiniya kuwa yarinyar take kallo. "Ƙanwata, akwai magana a bakinki."

Wushirya ta ajiye kwanon. Ba ta san ko abin da za ta faɗa zai cece shi ko zai ƙarasa shi ba, amma ya fi ƙarfin cikinta. "Kin ce ruwa ba ya tsayawa cak. To in Baba ya hau, lambar ba ta rawa. Tsayawa take yi wuri ɗaya. Ba ta ɓacewa, tana nan, amma ba ta motsi." Ta ja numfashi. "Kuma na bi shi ran Asabar. Na ga ya ɗaga murfi. Ban ga hannunsa ba, murfin ya kare."

"Murfin ya kare me?"

"Shi da akwatin."

"Kina ta wane gefe?"

"Ta gefen hanyar da ke gangarowa nan."

Injiniya ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta latsa wani shafi a kwamfutar, ta daɗe tana kallon layi guda. Sannan ta ce, "Yallaɓai, kafin ka yanke hukunci ina roƙon awa ɗaya. Kai ka zauna nan gaban allo da wayarka a hannu. Baba, mu hau."

Suka hau su uku har da Wushirya, Dogo na biye a baya ba wanda ya gayyace shi. A bisa tanki Injiniya ta duba akwatin rediyo. Ɗan jan fentin da ta ɗiga a kan kowane kusa ranar da ta ɗaure shi yana nan bai fashe ba. Ta nuna wa Dogo. Ta kira Manaja a waya ta sa a bayyane.

"Baba, yi abin da ka saba yi. Kada ka rage komai."

Ya kama hannun murfin ya ɗaga, ya tokare shi da ƙarfensa. Ya zura sanda ta 'yar ƙofar wata raga da ke ƙarƙashin murfin, ya ciro, ya dubi inda ta jiƙe. Murfin na tsaye, faɗinsa ya kai ƙyaure, daidai gaban 'yar eriyar, tsakaninta da gidan ruwa da ke can ƙasa.

"Yallaɓai, karanto mana."

"Sittin da tara da ɗigo ɗaya." Aka jima. "Yana nan." Aka sake jimawa. "Bai motsa ba."

"Baba, rufe."

Ya rufe. Muryar Manaja ta fito: "Saba'in da ɗigo biyu. Ya motsa!"

Sau uku suka yi, sau uku haka. Mai Famfo ya zauna a kan murfin ya riƙe haɓa.

"In ka auna, me ya sa kake barinsa a buɗe?" in ji Injiniya.

"Haka maigidana ya koya mini. Da rana ƙarfe na ɗaukar zafi, warin maganin ruwa ya taru a ciki, mutane su ce ruwa na ɗaci. Sai a buɗe ya sha iska, raga na hana datti, da yamma in zan tashi in dawo in rufe." Ya girgiza kai. "Ashe ni ke toshe masa kunne. Ni kuwa ina ganin lamba ba ta yi daidai da sandata ba, sai na ƙara cewa maƙaryaci ne, gobe ma sai na hau."

"Ai ga shi, hannunsa ne," in ji Dogo.

"Murfinsa ne," in ji Injiniya. "Sauran laifin nawa ne. Mu sauka in nuna muku."

A ɗakin famfo ta juyo da kwamfutar yadda kowa zai gani, ta sa yatsa a kan layin nan.

"Rediyo na yankewa, wannan ba abin mamaki ba ne. Hadari na yanke shi, babbar mota na yanke shi. Shi ya sa a cikin ƙa'idar akwai tambaya guda: in ka tambaya ba a amsa ba, me za ka gaya wa kwanturola? Zaɓi biyu ne. Ko ka riƙe lambar ƙarshe ka yi ta maimaitawa, ko ka ce ban ji ba. Daga masana'anta a kan na farko yake zuwa, ni kuma ban canja ba. Na gwada shi kwana shida bai yanke ko sau ɗaya ba, don da safe nake zuwa, murfi a rufe. Ban tambayi mai wurin yadda yake yini ba. Ita kwanturola ana ta ce mata sittin da biyu, sittin da biyu, tana ta jiran casa'in. Ranar da unguwa ta ja ruwa da yawa a tsira, ranar da ba ta ja ba a yi ambaliya. Ranar da Baba ya danna jan maɓalli, shi ke da gaskiya."

Manaja ya yi gyaran murya. "Amma da bai hau ba..."

"Da sai ranar da aka yi hadari, ba kowa a kusa. Zan rubuta wa masu gida haka, da sa hannuna."

Ta jawo kujera kusa da ita ta ce wa Wushirya, "Zauna, ke kika ga abin, ke za ki duba aikina." Sai ta shiga gyara tana faɗa a fili. Ta sa wa Tafinta iyakar jira: in ya yi tambaya shida a jere ba amsa, wato rabin minti, ya daina maimaita tsohuwar lamba. Ta ware gurbi na sha ɗaya, inda zai rubuta ɗaya in yana ji, sifili in ba ya ji. Ta ware na sha biyu, inda zai riƙa ƙirge yana ƙara ɗaya duk zagaye, don in shi kansa ya mutu kwanturola ta ga ƙirgen ya tsaya. Ita kuma kwanturola ta koya mata cewa in ta ga sifili, ko ƙirge ya tsaya, ta kashe famfo ta buga ƙararrawa. Eriyar ma ta ce gobe za a ɗaga ta a kan dogon ƙarfe, sama da murfi.

"Sai gwaji. Wa zai hau ya ɗaga mana?" Ta dubi Dogo ta saman tabarau. "Kai ne mai dogayen ƙafa."

Dogo ya fita yana gunaguni. Suka zauna jira. Can lambar ta tsaya. Wushirya ta fara ƙirga a zuci. Tana kai talatin lambar ta ɓace, wasu gajerun layuka suka maye gurbinta, injin ya yi ajiyar zuciya ya tsaya, ƙararrawa ta cika ɗakin.

Mai Famfo ya ce, "To, yanzu ya yi magana irin ta mutane."

Manaja ya daɗe yana kaɗa makullansa. Daga bisani ya ce takardar gargaɗin farko zai janye ta. Amma ta hawa tudu ba izini tana nan, zai rubuta. Injiniya ta ce tana so a riƙa gwada ma'aunin da sanda sau ɗaya a mako, kuma ba ta san wanda ya iya karanta sandar ba sai mutum ɗaya. Manaja ya ce sau ɗaya, da safe, kuma a babur ɗin gidan ruwa. Bai ba da haƙuri ba, Mai Famfo ma bai nema ba.

Da aka tashi suka kama hanyar gida, ita riƙe da kwanon da ba a ko buɗe ba, shi yana tafe a hankali. Sun wuce shagon mai walda kafin ya yi magana.

"Uwata, ashe bina kika yi."

"E, Baba."

"Kin zaci na lalata?"

Ta gyaɗa kai.

Ya yi 'yan taku. "Ba laifinki. Wanda ya ce yana wajen mai keke alhali yana kan tudu, shi ya ba da ƙofa." Ya karɓi kwanon daga hannunta. "Sai dai maganar nan, in mun je gida, ni zan fara gaya wa uwarki. Ki bar ni in sha faɗana da kaina."

Wushirya ta yi dariya, karo na farko a cikin kwana huɗu. Abin da ta gane a ranar shi ne, ubanta ya ɓoye musu hawan tudu, amma bai taɓa akwatin ba, kuma waɗannan abu biyu ba ɗaya ba ne. Abin da ta gani da idonta murfi ne kawai. Sauran ita ta ƙarasa da kanta.